Ganye, Madafar Duniya

'Yan'uwana ɗalibai, in aka tambayi ɗayanmu daga ina tuwon da ya ci daren jiya ya fito, zai ce daga dawa. In aka ƙara tambayarsa ita kuma dawar daga ina ta samo jikinta, sai ya ce daga ƙasa mana. To, wannan amsa ta biyu ita nake so mu duba, domin ba ta cika ba.

Wani masani a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, mai suna van Helmont, ya taɓa shuka ɗan itace mai nauyin kusan kilo 2 a tukunya, cikin busasshiyar ƙasa kamar kilo 90. Shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake aunawa, itacen ya haura kilo 70, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga labarin gwajin a 1648. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace. Sai a 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa koren ganye ba ya gyara iska sai da haske, daga baya kuma aka gane cewa yawancin busasshen jikin tsiro daga iska yake fitowa.

Ga yadda abin yake. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon-dayoksaid ke shiga. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa. Koren sinadarin da ke cikin ganye, watau kulorofil, ya kama hasken rana, da ƙarfinsa a raba ruwan, a saki iskar oksijin da muke shaƙa, a haɗa sukari. Wannan shi masana ke kira fotosintesis. Sukarin nan shi ke zama sitaci a ƙwayar gero, shi ke zama kara da itacen girki. Ashe ganye madafa ne, rana ce wutarsa, mu da dabbobinmu kuwa 'yan cin girki ne kawai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gawo. A gonar mahaifina akwai guda uku, kuma ko reshe ba ya yarda a sare. Bai taɓa jin sunan kulorofil ba, amma ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero hasken rana, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ganyen da ya zuba ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da awaki. Da na karanta darasin nan a aji sai na ga abin da littafi ya bayyana, tsoho ya daɗe yana aiki da shi.

Manoman Maraɗi a Nijar sun nuna amfanin wannan sani. Bayan farin shekarun 1980, sai suka daina tone kututture in suna sharar gona, suna barin toho ɗaya ko biyu ya girma. Suna kiran dabarar sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Mu kuwa kullum muna ganin motocin itace da buhunan gawayi suna shiga birni. Ban ga laifin matar da ke neman abin hura wuta ba, dole ta dafa wa yara abinci. Amma duk bishiyar da aka tumɓuke, madafa ce aka rushe, wadda ta yi shekaru tana girki ba a biya ta ko kwabo ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: in ba za mu iya shukawa ba, mu bar wanda ya toho da kansa.

Saboda haka, in mun koma gida hutu, mu bi iyayenmu gona. Mu faɗa musu da Hausa abin da ganye ke yi da rana, su kuma su nuna mana wane toho ake bari, wane ake sarewa.