Da Wane Mudu Za A Auna Malamin Wasan Yara?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka in yi magana game da malaman da ke koya wa yaranmu tamaula, waɗanda yanzu ake kira koci. Na lura jama'a ba su da mudun auna su sai ɗaya: in mutum ya kawo kofi gwani ne, in bai kawo ba a sallame shi. A ganina wannan mudu ya yi kaɗan.

Ga dalilina. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985, da 1993, da 2007, da 2013, da 2015, ba ƙasar da ta kamo mu. Amma a na manya ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba. To, ina yaran nan suka shiga? Waɗansu kam sun fito. Fanny Amun ya kai yara Japan a 1993, bayan shekara uku sai ga Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro sun ci zinariya a Atlanta. Emmanuel Amunike ya kai Victor Osimhen ƙasar Chile a 2015, yaron ya jefa ƙwallo goma, a 2023 aka zaɓe shi gwanin Afirka duka. Abin da ya shaidi waɗannan malamai ke nan, shaidar kuwa ba ta iso ba sai da aka yi shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar shekaru. Ni akawu ne, takarda ce sana'ata, na kuwa san yadda takardar rantsuwa kan mai da ɗan shekara ashirin da ɗaya ya koma sha shida. Malamin da ya sa irin wannan ƙato cikin yara lalle zai ci wasa, amma ya cuci abokan karawa, ya cuci yaron gaskiya da aka bari a bakin fili, ya kuma koya wa sauran cewa ƙarya tana biya. Tun 2009 hukumar FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, don ƙashin nan yakan haɗe in mutum ya gama girma. A filin makaranta da na unguwa kuwa ba wata na'ura, sai amanar malami.

A makarantar Mishan da na yi, malaminmu na wasa yakan zo fili da rajistar aji. Wanda ya yi fashi a makon nan ba zai taɓa ƙwallo ba, ko da shi ne mai ci mana. Ya taɓa hana mu bugu da ƙafar dama wata guda cur, muna ta gunaguni, aka kuwa cinye mu sau biyu a lokacin. Har yau abokaina da ke wasa da ƙafa biyu suke yi.

Saboda haka uban da ke son ya san hannun da ya sa ɗansa, kada ya je ranar gasa, ya je ranar koyo. Ya duba ko ƙaramin cikinsu yana samun ƙwallo, ko ana ba su ruwa da hutu in rana ta yi zafi, ya kuma saurari abin da malamin kan ce wa yaron da ya yi kuskure. In ya ji an ce ya kawo kuɗi za a kai ɗansa Turai, ya kama hannun ɗansa su koma gida.

Ina roƙon shugabannin makarantu su riƙa duba rajistar shiga aji ɗaya kafin a sa yaro cikin gasa, don ita ba ta da saurin sākewa kamar takardar rantsuwa. In akwai inda ake yin haka, ina so malaman wurin su rubuto mu ji yadda suka shirya abin.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.