Littafin da muka buɗe a bakin ruwan Gubi



Tun da muka gama zuwa Gubi mutane ke tare ni, wasu a ƙofar masallaci wasu ta waya, suna tambayar wai me ya kai ƙungiyar unguwa ƙirgar kifi da tsuntsaye. A taron wata ma wani dattijonmu cewa ya yi, da kuɗin man da aka ƙona ai gara a sayi siminti a gyara kwalbatin bakin makaranta. Ban ji haushi ba, don ni ma da farko haka na ɗauki abin. Tunda ni ke riƙe da littafin, bari in faɗi yadda aka yi.

Wani matashi a cikinmu da ya yi karatu a ATBU ne ya kawo shawarar. Yana cikin masu sa-kai da ke zagayawa suna rubuta tsuntsayen da suka gani, a aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015. Ya ce an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma ba sai mai digiri ba, duk mai ido da haƙuri zai iya shiga. Ya ce mu ma mu gwada a madatsar Gubi, mu haɗa har da kifi, tunda ruwan da ke zuwa famfunanmu daga can yake. Ina rubuta bayanin taro ina dariya a zuci.

Uwargida ce ta sauya mini tunani, ba tare da ta sani ba. Na kawo karfasa daga Muda Lawal, ta zazzage a roba ta ce, “Wannan kuma ai 'ya'yan kifi ne, ina iyayensu?” Sai na tuna zamanin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake kawo tarwaɗa ɗaya a yi miyar gida duka har a miƙa wa maƙwabta. Na tambayi kaina: kifin ne ya ƙanƙance, ko idon yaro ne yake ganin komai da girma? Ba ni da abin da zan kafa hujja da shi. Da wani ya auna ya rubuta a wancan lokaci, da yau ba gardama.

Asabar huɗu muka yi, daga Afrilu zuwa Mayu. Da gangan aka zaɓi bazara. Lokacin ne ruwa ya ja baya, gaɓa ta buɗe, sawun duk abin da ya zo shan ruwa da dare yana kwance a kan laka. Kuma lokacin ne tsuntsayen da suka zo mana cin rani daga Turai suke komawa, namu na damina suna shirin isowa. Muna tashi bayan sallar asuba, mu kasu biyu. Wasu su bi gaɓa a ƙafa da abin hangen nesa guda ɗaya da muka aro, wasu su zauna inda kwale-kwale ke tsayawa, da wani katako da kafinta ya kafa mana rula a kai. A rubuta sunan kifi, tsawonsa, da abin da aka kama shi da shi, kalli ne ko birgi ko ƙugiya ko gura.

Ranar farko ba mu auna ko wutsiya ba. Masunta na hango mutum da littafi da biro sai kowa ya karkata jirginsa ya sauka can nesa. Ashe an ɗauka masu karɓar haraji ne. Laifinmu ne, mun shiga wuri ba mu nemi masu wuri ba. Sai da muka je muka durƙusa muka gai da wani dattijo da ke ɗinkin koma a inuwa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “Malam Sakatare, takarda ba ta mantuwa. Yau kai ka rubuta, gobe wani ya karanta ya zo ya kwashe mana kaya.” Na ce, “Baba, na yi maka alkawari sunan mutum ba zai shiga littafin nan ba, sai sunan kifi.” Ya ce to, mu dawo Asabar.

Da muka dawo shi da kansa ya zauna kusa da katakon. A nan na gane cewa diflomata ba ta da aiki a bakin ruwa. Kifin da nake kira karfasa gaba ɗaya, shi kashi-kashi yake raba shi, ya ce wannan gargaza ce, dubi bakinta, dubi zanen wutsiyarta. Ya riƙe ƙurungu ya nuna mana ƙayar da ke kafewa ta ƙi kwanciya. Ya ce a ƙuruciyarsa ya yi su a kogin Gongola, ya je har tafkin Chadi, ya shiga lissafo mana giwan ruwa, tsage, yauni, ragon ruwa, minjirya mai jan mutum kamar wutar lantarki, talibamban mai kumbura ciki, da gaiwa wadda ke binne kanta a laka ta yi rani cur tana jiran ruwa. Samarinmu uku suna wurin, ba wanda ya taɓa ganin rabin waɗannan. Sunan talibamban ma sun ɗauka zagi ne kawai da ake yi wa mai tumbi.

Ni ma na yi tawa kwaɓar. Asabar ta biyu na bi masu zagayen gaɓa, na ga garken belbela na ƙirga na rubuta. Muka sha kwana na ga wani na rubuta, muka ƙara gaba na sake rubutawa, ina murna shafi ya cika. Sai yaron nan ya ce, “Yaya, ai su ne dai, mu ke korarsu suna gaba muna binsu.” Na soke layi biyu. Tun daga nan na daina raina aikin. Mun ga zalɓe tsaye shi kaɗai kamar mai jiran bashi, mun ga kirinjijiya suna fito in sun tashi, ga zakaran ƙeƙuwa da ba ya barin kowa ya wuce shiru. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsattsagar laka, waɗanda aka ce mana har arewacin Turai suke zuwa yin ƙwai. A Asabar ta farko suna nan, kafin ta huɗu sun yi ƙaranci. Mun ga sawun guza da jan wutsiyarsa. Mun kuma ga abin da ba mu je nema ba: leda, da robobin maganin feshi a gefen gonakin da ake yi inda ruwa ya janye. Waɗannan ma na sa an rubuta, don in damina ta sauka duk cikin ruwan za su koma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Asabar ta uku ya faru. Baba ya ɗauki wata karfasa da ba ta kai tafin hannuna ba, ya matse mata baki, sai ga ƙwai cike. Ya ce haka uwar take, a baki take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma ba ta cin abinci sai ta sake su. Kowace irinta da aka kama, ba kifi ɗaya aka kama ba. Muna cikin haka muka hango yara suna jan gidan sauro a bakin gaɓa, irin wanda ake rabawa don zazzaɓi. Abin da suka kwaso kamar ɗan yatsa, wasu ba su kai ba. Baba ya kau da kai. Can ya ce a cikinsu akwai marayu, abin da za a shanya a daka a yi miya ke nan.

To a nan aka rabu a taronmu. Wasu suka ce mu rubuta wa hukuma, mu haɗa da hotuna, a zo a kama masu raga mai ƙananan ido. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ruwan na jama'a ne, kuma in aka ci gaba a haka su masuntan ne za su fara kuka. Ni kuma na tsaya a kan alkawarin da na ɗauka. Mutanen nan sun buɗe mana kwandunansu ne don sun yarda da mu. In Asabar uku ta ƙare da kame, ba mu ba, duk wani mai littafi da zai je bayanmu ba zai ga kifi ba. Kuma gaskiya ita ce fita huɗu ba ta isa a ce kifin Gubi ya ragu ko bai ragu ba. Abin da muke da shi awon bazara ɗaya ne. Sai an maimaita a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara bayan shekara, sannan lamba take magana. A Amurka tun 1900 masu sa-kai suke ƙirgar tsuntsaye kowane ƙarshen shekara. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kuwa tun 1967 ake yinta duk watan Janairu, har da dausayin Haɗejiya da Nguru a cikin wuraren da ake zuwa. Mu yanzu muka buɗe shafin farko.

Ban ce na fi su gaskiya ba. Har yau in na tuna bakin karfasar nan sai in ji kamar na yi sanyi da yawa. Abin da aka tsayar dai shi ne mu fara kai wa dattawan masunta abin da muka auna, mu ji ta bakinsu. Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ai hana su ake yi a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo. Ko a jiharmu ga tafkin Maladumba a Misau, wanda tun 2008 yake cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu, amma mutum nawa ne a cikinmu ya san da haka? Da muka ambata wa Baba maganar hutu, ya ce in za a yi to farkon damina ne, lokacin da tarwaɗa ke haurowa cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Amma ya ce sai an fara gaya masa abin da yaran nan za su ci a watannin. Ba mu da amsa a ranar, kuma na sa maganar a ajandar taro mai zuwa.

Asabar ta ƙarshe muna naɗe kaya, hadari ya ɗan taso ta gabas, sai ga shamuwa biyu sun sauka a kan wata bishiya. Baba ya ce, “Rubuta, Malam Sakatare, baƙin damina sun iso.” Na rubuta, da lokaci da wuri.

Littafin yana hannuna, duk mai son dubawa ya same ni bayan la'asar. Kuɗin mai da aka kashe yana shafin baya dalla-dalla, kuma maganar kwalbati tana nan ba a manta ba. In Allah ya kai mu Janairu muna so mu koma, lokacin baƙin tsuntsaye sun cika. Muna neman aron abin hangen nesa na biyu, da mutum biyu masu kyan rubutu waɗanda tashin asuba ba ya ba su wahala.