Abin Da Na Koya Daga Wani Tsoho Na Ƙasar Koriya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ba ku labarin Song Hae, wani mawaƙi na Koriya ta Kudu, domin na ga a sana'arsa akwai abin da ya shafi tamu.

An haife shi a 1927 a lardin Hwanghae, wanda yanzu yana cikin Koriya ta Arewa. Da yaƙi ya ɓarke a 1950, sai ya gudu kudu cikin jirgin ruwa, ya sauka Busan. Bai sāke ganin mahaifiyarsa ba har ya bar duniya. A kan ruwan nan ya laƙaba wa kansa suna Hae, watau teku. Ya yi soja yana buga waya, sa'an nan a 1955 ya shiga ƙungiyar mawaƙa masu yawo gari gari.

A 1988 gidan talabijin na KBS ya ba shi shugabancin wata gasar waƙa da a ke nunawa kowace Lahadi. Masu gasar kuwa talakawa ne: manoma, 'yan kasuwa, tsofaffi da yara. Ya riƙe ta har rasuwarsa ran 8 ga Yuni 2022, yana da shekara 95.

To, abu biyu suka kama mini hankali. Na farko, ya kan isa garin da za a yi gasa tun ana gobe, ya zaga kasuwa, ya shiga gidan wankan jama'a, ya ji hirar mutane. Kashegari in ya hau dandali, sai ka ce ɗan gari. Mu fa? Sau nawa malami ya kan shekara a ƙauye bai san sana'ar iyayen yaransa ba?

Na biyu, a gasar nan wanda ya ɓata waƙa ƙararrawa a ke buga masa, a tsai da shi gaban dubban mutane. Nan Song Hae ya kan matso, ya yi masa barkwanci, har mutumin ya sauka yana dariya. A ajinmu kullum akwai yaron da ya kan kasa amsa tambaya. Abin da muka faɗa masa a lokacin nan, lalle shi zai sa ya sāke ɗaga hannu gobe, ko ya yi shiru har ya bar makaranta.

Allah ya ba mu haƙurin riƙon 'ya'yan mutane, amin.