Ranar da Yaya Ta Ba Ni Riƙon Jaka

Tun ina yaro a Kano, duk ranar yawon Sallah aikin Yaya ɗaya ne, riƙon kaya. Mu mu ruga mu hau lilo, ita kuwa a bar ta a gindin wata darbejiya kusa da ƙofa, takalmanmu da hulunanmu da ragowar kuɗin barka da Sallah duk a cinyarta. Shan inna ta kama ta tana 'yar shekara uku, kafin a haife ni, don haka ban taɓa ganin ta a tsaye ba. Kekenta na lokacin mai ƙafa uku ne, irin wanda ake murzawa da hannu, ƙirar masu walda na cikin gari waɗanda su ma cutar ta taɓa. Tsakanin ƙofar wurin wasan da lilon akwai matakala da yashi mai zurfi, keke ba ya ratsawa. In wani ya ce bari a cicciɓe ta, sai ta girgiza kai ta ce, "Ku je abinku, ni kallo ya fi min daɗi." Na fi shekara talatin ina ɗaukar maganar nan gaskiya.

A 2019 ta zo mana ziyara Hustan, a jihar Tekzas ta Amurka, ta yi Babbar Sallah tare da mu. Yarana suka matsa sai an kai Gwaggo wurin wasa. Muka kai ta wani babba. Da farko komai ya burge ta: wurin ajiye mota na musamman dab da ƙofa, gangara a maimakon matakala, banɗaki mai faɗin da keke zai juya a ciki. Duk albarkacin dokar kare haƙƙin naƙasassu ce da Shugaba Bush babba ya sa wa hannu a 1990. Amma a bakin kusan kowane lilo tambaya ɗaya ake yi, cikin ladabi kuwa: "Za ta iya barin kekenta ta koma kan kujerar?" Ni ake kallo ana tambaya, ita tana nan zaune tana ji. Kujerun matsattsu ne, masu ƙarfen da ke danne cinya, ba a yi su don keke ba. Ma'anar tambayar ke nan: mutum biyu su kama mace mai shekara arba'in da ɗoriya, uwar 'ya'ya uku, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, a gaban layin jama'a. Sai na ji ta ce, "Ku je abinku." Da muka sauko na hango ta a inuwa, jakunkunan yara da gorunan ruwa a cinyarta. Gabana ya faɗi.

A mota, bayan yara sun yi barci, ta ce, "Auta, kallo bai taɓa fi min daɗi ba. Ɗauka ce ba na so. Ni ba buhun gero ba ce."

Wata abokiyar aikin matata ce ta ba mu labarin Morgan's Wonderland a birnin San Antoniyo, tafiyar kamar awa uku a mota. Wani magini mai suna Gordon Hartman ne ya gina shi saboda 'yarsa Morgan, mai larurar jiki da ta ƙwaƙwalwa, bayan ya ga wasu yara sun watse sun bar ta a wurin ninkaya na wani otal lokacin da ta matso don a yi wasa da ita. Aka buɗe shi a 2010, a fili mai eka 25 inda a da ake fasa dutse. Duk mai buƙata ta musamman kyauta yake shiga.

Wannan kyautar ce ta fara ɓata wa Yaya rai. Mace ce mai shagon ɗinki da 'yan koyo, amma ba sau ɗaya ba sau biyu ba an sha jefa mata kuɗi a cinya a bakin kasuwa, don kawai an gan ta a keke. Ta ce ita ba sadaka ta zo karɓa ba. Ba ta huce ba sai da muka shiga ta ga yadda wurin yake: masu ƙafa da masu keke, makafi da kurame, tsofaffi da jarirai, duk a layi ɗaya, ba wata ƙofar gefe da aka ware mata.

Muka isa lilon dawakai mai juyawa. Dandamalinsa daidai yake da ƙasa. Tsakanin dawakan akwai karusa da aka yi don keke ya shige kai tsaye, a ɗaure shi, kuma ita ma karusar tana hawa tana sauka kamar dawakan. Wata matashiya mai aiki a wurin ta rusuna ta dubi Yaya ido da ido, ita ta tambaya, ba ni ba, ko ta shirya. Yaya ta yi shiru jim kaɗan. Sai ta cire jakarta daga kafaɗa ta miƙo min ta ce, "Riƙe min." Ta murza kekenta da kanta ta shiga.

Ban iya kwatanta dariyar da ta yi ba. Mayafinta na kaɗawa, yarana a kan dawakai dama da hagu suna ihun "Gwaggo! Gwaggo!", ni kuwa ina tsaye a bakin shinge da jaka a hannu, hawaye na zuba ban damu da wa ke kallo ba. Sau huɗu ta hau. Daga nan sai lilon da keke ke hawa kansa a kulle shi, sai ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya tafki mai eka 8. A ɓangaren wasan ruwa da aka ƙara a 2017 ta ga keken da iska ke tuƙawa ba batir ba, ƙirar Jami'ar Pitsbag, don ruwa kada ya lalata shi. Ba ta shiga ruwan ba, amma ta daɗe tana duba ƙafafunsa da tukwanen iskarsa, tana cewa da masu waldarmu za su gan shi da sun kwaikwaya.

A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Yaya ta ji labarinta a rediyo, ta kuma yi murna. Ni dai abin da na gani a Tekzas ya nuna min gangara a bakin ƙofa somin taɓi ce. Wurin farko da muka kai ta a can ma yana da gangarar, amma Yaya ta ƙare a gindin inuwa da kaya a cinya.

Bayan mun yi la'asar a gefen tafkin ta ce in kira mata Inna, ko da yake dare ya yi a Kano. Inna, wadda ta goya ta zuwa asibiti da gidajen masu magani har bayanta ya gaji, ta saurari labarin dawakai da jirgi ba ta ce komai ba. Can sai ta tambaya, "To wa ya ɗauke ki ya ɗora ki?"

Yaya ta ce, "Ba kowa, Inna. Da kekena na hau."