Kaskon Kawu

Kawuna maharbi ne a Mirriya. Bana bindigarsa ta daina saiti, ya ce sammu ne. Na leƙa bututun, dalma ta yi masa daɓe. Harsashin da yake zubawa da kansa ya yi ƙanƙanta, wutar albarushi na kurɗawa ta gefe tana lasar dalmar, tana shafe ta a ciki. Muka kankare.

Kaskon narkawar ne ya hana ni barci. A tsakar gida yake, jikokinsa na wasa da ɓurɓushin, biyu a ajina suke. Na tuna yaran Zamfara wajen 400 da gubar dalma ta kashe a 2010.

Na ce, "Kawu, don Allah a kai kaskon nan bayan gari." Ya ce sai bayan kaka. Juma'a zan koma, da innarsu.