Zaman Gida a Tsakiyar Teku

Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba mutanen teku ba ne. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko ya fi mil 600. Babban ruwan da yawancinmu suka sani shi ne na madatsar Kazaure, inda masunta sukan shiga da kwale-kwale da sassafe, kafin rana ta take sun fito da kifinsu sun koma gida. Amma akwai mutane a duniyan nan waɗanda jirgin ruwa shi ne gidansu. Miji da mata, wani lokaci har da 'ya'ya, sukan shiga ƙaramin jirgi mai filafilai, wanda Turawa suke kira yot, su tashi kewaya duniya, su yi shekara biyu ko uku ko fi suna tafiya. A ciki suke girki, a ciki suke barci, a ciki yara suke karatu. Bari mu leƙa wannan gida, gama zamansu yana da abin da zai koya wa namu.

Kada mai karatu ya zaci wani ƙaton jirgi ne irin na dakon kaya. Mutumin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai, Joshua Slocum, ya tashi daga Boston ta Amurka a 1895, ya komo a 1898, tsawon jirginsa kuwa bai kai ƙafa 37 ba. Wani Bature ɗan Ingila, Robin Knox-Johnston, ya tashi a watan Yuni 1968, ya komo a watan Afrilu 1969, kwana 312 bai taka ƙasa ba, a jirgi mai ƙafa 32. Tsohon kwale-kwalen nan da wani makiyayi ya tarar sa'ad da yake haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, wanda masana suka ce ya yi shekara wajen 8,000, tsawonsa ya wuce ƙafa 27. Ka ga bambancin ba shi da yawa.

Iskar hunturu

Jirgin yana da ɗan inji, amma man da zai iya ɗauka ba zai ƙetar da shi teku ba. Iska ce jakinsa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, iskar da take tura su mun san ta sarai. Ita ce wadda take busowa daga arewa maso gabas da hunturu, ta bi ta kan Babura da ƙurarta, ta fasa mana leɓe da dunduniya. Idan ta wuce ƙasashenmu ba tsayawa take yi ba, sai ta hau kan Tekun Atalantika ta miƙe yamma. Matuƙan da suke wucewa yamma da ƙasar Senegal sukan tashi da safe su tarar da jar ƙurar hamada a kan filafilansu, alhali ba su hangen ƙasa ko kaɗan.

Saboda haka masu wannan tafiya sukan taru a tsibiran Kanari, yamma da Maroko, su jira ƙarshen Nuwamba ko Disamba, kamar yadda manomi yake jiran ruwan shuka. Wanda ya yi gaggawa yakan gamu da manyan guguwa, gama daga Yuni zuwa Nuwamba ne lokacinsu a wancan gefe. Daga Kanari zuwa tsibiran Karibiyan kusan mil 3,000 ne, tafiyar wajen mako uku. Gudun jirgin bai fi na mai keke da ba ya sauri ba, sai dai shi ba ya tsayawa dare da rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai su ratsa ta mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, su faɗa Tekun Pasifik. A nan ne zango mafi tsawo yake: daga tsibiran Galapagos zuwa na Markesas mil 3,000 ne ko fi, mako uku ko huɗu ba tudu ba itace. Sa'an nan Ostareliya, sa'an nan Tekun Indiya. Daga can waɗansu sukan zaga ta ƙarshen Afirka ta Kudu, waɗansu kuwa su bi ta Bahar Maliya, ruwan da alhazan ƙasarmu na dā masu tafiyar ƙasa suke ƙetarewa daga Suwakin zuwa Jidda, su fita ta mashigin Suwez.

Ɗakin da ba ya tsayawa cik

Cikin jirgin bai fi faɗin ɗakin kwana ɗaya ba, ga shi kullum a karkace yana rawa. Kwana biyu ko uku na farko kusan kowa yakan sha jiri da amai, kafin jiki ya saba. Gadajen ƙanana ne, an ɗaura musu ƙyalle mai ƙarfi a gefe don kada mai barci ya faɗo. Murhun gas ɗin a rataye yake, yana lilo, domin tukunya ta zauna daidai ko da jirgi ya karkata, an kuma kama ta da ƙarfe. Idan teku ta yi fushi, mai girki yakan ɗaure ƙugunsa da ɗamara a jikin murhu. Ba a ajiye kofi a juya baya. Kowane cokali da wuƙa yana da wurinsa, wanda ya ɗauka kuwa dole ya mayar, gama da tsakar dare cikin hadari ba lokacin neman tocila ba ne.

Ruwa da abinci

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ruwa ta kowane gefe, amma ba na sha. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, wanda ya sha kuwa ƙishinsa ƙaruwa yake yi har ya hallaka. Abin da aka zuba a tanki kafin tashi shi ne rijiyar gidan. Uwargida takan raba shi da lissafi, kwana nawa, mutum nawa, ta kuma ware na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Da ruwan teku ake wanke kwanuka, da shi ake wanka, sa'an nan a ɗauraye da ɗan kofi na ruwan daɗi. Idan hadari ya taso, kowa yakan fito da bokiti a tari abin da yake gangarowa daga filafilai. Knox-Johnston da irin wannan ruwa ya rayu, gama na tankinsa ya ɓaci tun tafiya ba ta yi nisa ba. A zamanin nan jirage da yawa suna da na'urar tace gishiri, da faifan ɗaukar wuta daga hasken rana, amma na'ura takan lalace, don haka lissafin bai tashi ba. Matan Babura da Gwiwa da suka san nauyin guga da rani ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Haka abinci. Ana fara cin abin da yake saurin lalacewa, kamar tumatir da ayaba, a bar albasa da dankali da kabewa, su ne masu haƙuri. Ana rataye su cikin raga don su sha iska, kowace safiya a duba, a fid da wanda ya soma ruɓa kafin ya shafi 'yan'uwansa. Ƙwai akan shafe shi da man basilin, ko a riƙa juya shi, ya yi makonni. Shinkafa da wake da gari suna cikin robobi masu murfi. Ba a shiga da kwali, gama kyankyaso yakan yi ƙwai a ciki. Ana jan ƙugiya a bayan jirgi, wata rana a samu, wata rana a rasa. Akwai kuma wani kifi mai fukafukai da yakan yi tsalle ya faɗo cikin jirgi da dare, da safe yara su tsince shi a soya. Lemon tsami ba ya rabuwa da su. Mutanen dā sun sha wuya kafin su gane amfaninsa: rashin ɗanyen abinci yakan sa dasashi ya kumbura, haƙora su zube. Ayarin Magellan ya tashi da jirage 5 a 1519, jirgi ɗaya ne ya gama kewayen a 1522, da mutum 18, wannan ciwo kuwa yana cikin abin da ya cinye sauran.

Tsaro bi da bi

A tsakiyar teku ba wurin da za a ɗaure jirgi a kwana. Dole ido ɗaya ya kasance a buɗe kullum. Miji yakan yi awa uku ko huɗu yana tsaro, ya ta da matarsa ta karɓa, shi ya kwanta, haka har gari ya waye, haka kuma gobe. Mai tsaro yana duba iska, yana duba hadari, yana duba fitilun manyan jirage, gama wanda aka hango can nesa yana iya isowa cikin minti 20. Yakan ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa da dare sauran suna barci, da wuya a sāke ganinsa. Ba abokin hira sai taurari, har gamzaki ya fito.

Ka lura da abin da wannan yake nufi. Mai barci ya sa ransa ne a hannun mai tsaro. Idan ba ka amince da abokin zamanka ba, ba za ka runtsa ba, wanda bai yi barci ba kuwa shi ne mai yin kuskure gobe. A nan ba a cewa wannan aikin mata ne, wancan na maza. Matar takan koyi tuƙi da sanin hanya, mijin yakan koyi cuɗa burodi. A dā da tsakar rana ake auna tsayin rana da wani ƙarfen awo mai madubai, a haɗa da agogo da lissafi, a san inda ake. Tun daga shekarun 1990 na'ura mai karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam ta sauƙaƙa wannan, duk da haka ana rubuta kome a littafin jirgi. Yara kuma da safe sukan yi karatu, uwa ko uba ne malaminsu.

Ba wurin yaji

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Gajiya da zafi da ƙuncin wuri sukan sa ƙaramar magana ta zama babba. Amma a nan mace ba ta da gidan iyaye da za ta yi yaji, namiji ba shi da dandali ko teburin mai shayi da zai je ya huce. Ba fasto, ba dattawan ikkilisiya da za a kira su sasanta. Wanda kuka yi faɗa da shi da yamma, shi ne zai tsare ranka da dare. Dole a shirya kafin duhu. Gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa Afisawa a kan kwana da fushi, a teku ya zama maganar rai da mutuwa.

Ranar wahala

Wani manomi a Ingila, Dougal Robertson, ya sayar da gonarsa ya sayi jirgi, ya tashi da iyalinsa a 1971. Ran 15 ga Yuni 1972, yamma da Galapagos, waɗansu manyan namun teku masu siffar kifi suka fasa jirgin, ya nutse nan da nan. Su shida ne: shi da matarsa, da 'ya'yansu maza uku, da wani saurayi da suka ɗauka a hanya. Suka tsira da kwale-kwalen roba da wani ƙarami na ƙafa 9, da ɗan ruwa da albasa da lemo da biskit. Da na robar ya lalace, duka shida suka matsu cikin ƙaramin. Suna tarar ruwan sama, suna kama kifi da kunkurun teku, suna shanya naman, suna kwashe ruwan da yake shigowa bi da bi. Sai a kwana na 38 wani jirgin masunta na Japan ya tsince su, ba wanda ya mutu. Abin da suka saba yi tun kwanakin lafiya, watau awo da rabo da karɓa-karɓa, shi ya riƙe su a kwanakin wahala.

A Ayyukan Manzanni sura 27 muna da labarin jirgin da ya ɗauki Bulus zuwa Roma, da mutum 276 a ciki. Bayan dare 14 cikin hadari, ma'aikatan jirgin suka so su sulale cikin ƙaramin kwale-kwale su bar sauran, Bulus ya hana. Ya roƙe su su ci abinci, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ga Allah a gabansu duka. Jirgin ya farfashe, amma dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita.

'Yan'uwa, daga kaka zuwa kaka mu ma ƙetare teku muke yi, rumbu shi ne tankinmu. Maigidan da ya kwashe hatsi ya kai kasuwa da kaka don biki ko sabon babur, matarsa ba ta sani ba, ya huda jirgin da 'ya'yansa suke ciki, sai a watan Agusta ruwa zai shigo. Ku zauna ku biyu ku ƙidaya dammunan gero da dawa, ku ƙidaya bakuna da watanni, ku ware iri da zakka da na ko-ta-kwana. Ku raba aiki domin kowa ya sami hutu. Wanda aka ba amana ya riƙe ta. In an saɓa, a shirya kafin a kwanta. Sa'an nan ku yi addu'a tare, gama Ubangiji Yesu wanda ya tsawata wa iska a Tekun Galili, shi ne mai kai gida gaci. Allah ya kiyaye gidajenmu, amin.