Abin da Rufe Iyakar Kamba Ya Koya Mini

Wanda ya tashi a ƙasar Kabi ba ya ɗaukar Nijar a matsayin ƙasar waje. Daga Birnin Kebbi ka nufi Kamba, kana ƙetarawa ka shiga yankin Gaya. Daga Argungu ka bi ta Kangiwa, Dogon Dutsi na gabanka. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin iyakar nan, suka kafa duwatsunsa tsakanin 1906 da 1908, suka raba ƙasar Arewa biyu. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Dosso take aure, kuma ba mu taɓa cewa tana wata ƙasa ba. Cewa muke tana gidan miji.

Shi ya sa abin da ya faru a daminar 2023 ya zo mana kamar rikicin cikin gida. A ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin mako ɗaya, har da barazanar yaƙi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ni ban goyi bayan juyin mulkin ba, har yau ban goya ba. Amma layin wutar da aka yanke daga garinmu yake fita. Wuta na zuwa daga Kainji ta sauka a Birnin Kebbi, sannan ta bi turaku ta Dosso zuwa Yamai, tun 1976. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa.

A makon Gwaggo ta kira ni da dare, wayarta saura ƙiris ta mutu. Mijinta na da ciwon suga, allurarsa kuma sai da sanyi. Ta ce kowace safiya sai ta aiki yaro neman ƙanƙara, ta naɗe kwalaben a tsumma ta tura cikin kula. Sai ta ce mini, “Ɗan nan, mi munka yi muku?” Na ce, “Gwaggo, ba mu ba ne, manya ne.” Ta ce, “To su manyan, cikin duhu suka kwana?”

A nan na fara gane cewa takunkumi yana da wanda ake nufi da shi, yana da wanda yake kamawa, kuma da wuya su zama mutum ɗaya. Janar Abdourahamane Tiani, jagoran juyin mulkin, bai sauka ba. Hasali ma duhun ya ƙara masa jama'a, domin wanda aka hana wa wuta ba ya tambayar wa ya fara laifi, wanda ya kashe wutar yake kallo.

Da na je Kamba na ga ɗaya gefen. Manyan motoci jere a bakin titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shinkafa da wake. Wata mota da albasar Aliero a ciki, ruwa baƙi na ɗiga daga buhunan, warin ya hana kowa matsawa, mai kayan na zaune a gefe ya riƙe carbi bai ce komai ba. Amma kaya ba su daina wucewa ba. Sun koma kan babura ta cikin daji, sun koma cikin kwalekwale ta wajen Dole Kaina. Kuɗin ɗauka ya ninka, ribar ta koma aljihun masu tare hanya, talaka a ɓangarorin biyu ya biya. Mun riga mun ga irin wannan tsakanin Agustan 2019 da Disambar 2020, lokacin da aka rufe iyakoki saboda shinkafar waje.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Da gwamnatoci biyu suka daina gaisawa, sintirin haɗin gwiwa ya yi sanyi, hanyoyin dajin nan kuwa ba sa tambayar me mutum ya ɗauko. A watan Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka afka wa garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, nan kusa da Argungu, aka rasa rayuka. Ba zan ce takunkumi ne ya haife su ba, sun daɗe suna yawo a bakin iyaka. Amma na tabbata ɓarakar ta yi musu daɗi.

Wutar ma kanta ba kyauta ba ce. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya shigo Kebbi ya kai Kainji. Bai wa maƙwabci wuta hanya ce ta sa shi kada ya yi gaggawar datse ruwa daga sama. Ga shi Nijar na gina madatsar Kandadji, kuma yanzu ta ga dalilin da zai hana ta sake jingina da mu. Igiyar da ta ɗaure ƙasashe biyu shekara kusan hamsin, rana ɗaya aka mai da ita bulala.

Kabawa sun san wata hanyar. Bayan shekaru ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, wajajen 1867 Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga: kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, aka amince Argungu tana cin gashin kanta. Ba wanda ya ce ɗan'uwansa ne mai gaskiya, duk da haka aka samu kimanin shekara takwas ana noma da fatauci. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi da kamun kifi a Matan Fada, asalin bikin kamun kifin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Zumunta a ƙafa take, tsakanin sarakuna ma haka ne.

A 2023 ma, waɗanda ƙofar Yamai ta buɗe musu masu tattaki ne: Sarki Muhammadu Sanusi II, da ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, sannan Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Wa'adin mako ɗaya bai buɗe ta ba.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta. Nijar dai ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. A watan Afrilun shekarar Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya je Yamai, aka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971. Ina fata in an zauna a sa kujera ga sarakunan Argungu da Gwandu da Dosso, da shugabannin 'yan kasuwar Kamba da Gaya, kuma a rubuta a takarda cewa duk saɓanin da zai taso nan gaba, wuta da magani da abinci ba sa cikin abin da za a taɓa.